Kwanon da Ke Kan Katangar Aling Tasing

A lungun da ke bayan rumfunan shanya kifi, can garin Navotas na bakin teku, ba mai kiran Anastacia Labalan da cikakken sunanta sai ranar zaɓe. Kowa Aling Tasing yake ce mata, wato Inna Tasing a harshensu, kuma da abu biyu aka san ta: miya da addu'a. Tana da tebur a ƙofar gida mai ɗaukar tukwane huɗu. Kafin ƙarfe sha ɗaya ta ɗage murafe, ƙamshin miyar tsamiya da kan kifi ya bi lungun har bakin gada. In kuwa an yi rasuwa, ita ake fara nema kafin mai akwatin gawa, domin ita kaɗai ta rage da ta haddace doguwar addu'ar mamata irin ta mutanen da, wadda ake ja kwana tara a jere, a sake ja ranar arba'in.

Tana da shekara sha shida ta baro ƙauyensu a tsibirin Samar cikin jirgin ruwa, kayanta a kwali, littafin addu'ar kakarta a nannaɗe cikin leda. Ta yi shekara goma tana feɗe kifi a tashar masunta har yatsunta suka kanannaɗe. Ta auri wani makanikin injin kwale-kwale, ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya, wanda yanzu yake aiki a jirgin dakon kaya, yana kiranta in ya tuna. Shekarar babbar ambaliya, da ruwa ya kori kowa zuwa saman rufi, ita ce ta haɗa murhu a kan kwanon rufin ɗakinta, ta yi kwana uku tana dama kunun shinkafa, ana zura shi a bokiti da igiya daga rufi zuwa rufi. Har yau in an zauna hira sai an tayar da wannan labari. Takan kaɗa hannu ta ce, "Ku bari mana, wa ke tuna wannan?" Amma ba ta taɓa tashi daga wurin ba sai an kai ƙarshensa.

Gajeriyar katanga ce, iya ƙirji, ta raba gidanta da na Ludivina, wadda ake kira Luding. A kan katangar nan akwai wani farin kwano mai shuɗin baki, fentinsa ya ɓare a gefe ɗaya. Shekara talatin da huɗu yana kai da kawo tsakanin gidajen biyu, har sun manta na wace ce a cikinsu. Wadda ta yi girki ta zuba ta ɗora, ɗayar ta ɗauka, kuma ba a mayar da shi wayam ko da dafaffiyar ayaba biyu ce za a saka. Tasing ce ta riƙe Jovelyn, 'yar Luding, ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa matan biyu suke kiran juna Mare, kamar a ce 'yar'uwa, yarinyar kuma take ce mata Ninang, wato uwar baftisma. Jovelyn ta girma ta sami aikin wankin zannuwan gado a wani asibiti. Kowace safiya in za ta fita sai ta tsaya a teburin, ta kama hannun Tasing ta ɗora a goshinta, ko da hannun yana ƙarnin kifi.

Mijin Luding, Mang Ponso, wato Baba Ponso, tsohon direban motar haya ne da hawan jini ya zaunar. Shi ne alƙalin kwanon. Yakan kurɓi cokali ɗaya ya ɗaga murya ta kan katanga: "Tasing, in matar nan tawa ta riga ni mutuwa, ki sa ni a layi." Luding ta ce daga cikin kicin, "Ɗauke shi tun yau, Mare, har da magungunansa zan haɗa miki."

Sai korona ta zo, aka kafa dokar kulle.

Aka gitta gora a bakin lungun, 'yan sintirin unguwa suka zauna a gefenta da sanduna. Gida ɗaya, katin fita ɗaya. Aka hana zaman makoki. Wanda ya rasu da safe, kafin yamma an ƙona gawar an miƙo toka. Cinikin miya bai tsaya ba, don mutane ba su daina jin yunwa ba, amma wani abu ya tsaya wa Tasing wanda ba ta iya faɗa wa kowa. Ana ta mutuwa a garin fiye da kowane lokaci, kuma ba mai aiko mata. Ta ji labarin wata yarinya a unguwar gaba da ke karanto addu'ar daga waya, mutane na amsawa ta waya. Abin ya tsaya mata a wuya kamar ƙayar kifi.

Don haka da wata tsohuwar abokiyar aikinta ta tasha ta aiko cewa mijinta ya rasu, wai ciwon huhu ne kawai, kuma za su yi addu'a a ɓoye, Tasing ba ta tsaya dogon tunani ba. Ta ce wa kanta tausayi ne. Ta rataya katin fita, ta ɗauki kwandon cefane, ta gaida 'yan sintiri da rana tsaka ta wuce kamar mai zuwa kasuwa. Mutum kusan ashirin ta tarar a ɗaki ɗaya, an rufe tagogi kada maƙwabta su ji. Da ta fara ja, sai ta ji takunkumin fuskarta yana shanye mata murya, ta sauke shi zuwa haɓa. Muryar ta fito yadda ta saba, mata suka fashe da kuka, wata ta ce, "Kai, ba kamar Aling Tasing." Ta koma washegari, ta sake komawa.

Bayan kwana shida zazzaɓi ya ɗan taɓa ta. Ta haɗiyi ƙwaya, ta sha ruwan citta, ta ce gajiya ce. Safiyar da ta biyo ta zuba tafarnuwa a mai, tana kallonta tana yin ja, hayaƙi na tashi, amma hancinta bai ji komai ba. Ta buɗe kwalbar patis, ruwan kifin nan mai gishiri da ke tayar da na barci, ta cusa hanci. Kamar ruwan famfo. Ta ɗiga a harshe. Babu.

Ta daɗe a tsaye da kwalbar a hannu. Rediyo ya faɗi wannan alama sau ba adadi, kuma ta ga abin da ake yi wa gidan da aka samu mai ita: motar asibiti, mutane cikin fararen kaya kamar fatalwa, igiyar leda mai ruwan ɗorawa a ƙofa. Sannan tambayar da za ta biyo baya: ina kika je? Ita, Aling Tasing ta saman rufi, a tsaye gaban kapitan, wato mai unguwa, tana bayanin kwandon cefane.

Ta rufe kwalbar. Ta ce hannu ya san aikinsa ko da baki bai taya shi ba. Ta yi girki da ƙiyasi, ta fito da tukwane, ta sayar. Ta zuba miya a kwanon ta ɗora a katanga kamar kullum. Ranar Mang Ponso bai ɗago murya da zolayarsa ba. Da la'asar kwanon ya dawo, ba ayaba a ciki, ba kifi, sai ɗanyar citta da ƙananan lemun tsami guda shida. Tasing ta kalle su, sannan ta ce wa kanta ai abin da Luding ta samu a kasuwa ke nan.

Cora ce ta fara kwanciya, matar Mang Iking mai aski, wadda kullum take tsayawa a teburin tana hira tana lasar ludayi. Da motar asibiti ta tafi da ita, lungun ya fito ƙofa-ƙofa, kowa a bakin gidansa yana magana da ƙarfi ta cikin takunkumi.

"Matar da ko bakin gora ba ta zuwa!" in ji Iking, idonsa jawur. "Ni ke riƙe da katin. To wane ɗan banza ne ya kawo mana ita har cikin gida?"

"Ko a jikin almakashinka ta zo," wani ya ce daga bene.

"Almakashin ubanka! Wata ɗaya ban taɓa kan kowa ba."

"Wani dai ya shigo da ita, ba daga sama ta faɗo ba."

Tasing na tsaye bayan tukwanenta, zazzaɓin na bin bayanta kamar kiyashi. Ta ga idanu suna yawo gida-gida, ta ga sun kusa isowa teburin da Cora ke tsayawa kullum. Ba ta shirya maganar ba. Daga baya ta yi ta nanata wa kanta haka, ba ta shirya ba. Amma muryar da ta fito a natse take, irin wadda take jan addu'a da ita.

"Ni dai ban ce kowa ba ne," ta ce. "Amma a cikinmu wa ke shiga asibiti kullum ya fito?"

Kawuna suka juya zuwa ƙofar Luding. Luding na tsaye a wurin da tsintsiya a hannu. Ta dubi Tasing, kallo ɗaya ba mai tsawo ba, ta shige ciki.

Da yamma Jovelyn ta dawo daga aiki ta tarar da taro a bakin gora. Aka ce ba ta shiga. Wata mata ta watsa ruwan bilic a gaban ƙafafunta har ya fallatsa mata a wando. Yarinyar ta yi ta ɗaga kai tana neman fuskar da ta sani, har ta hango Tasing.

"Ninang! Ki faɗa musu mana. Ke kin san sai na yi wanka na canza kaya nake fitowa. Ninang, ke za su ji maganarki."

Tasing ta sunkuya tana juya tukunyar da ba komai a cikinta.

Aka ɗaura igiyar leda a ƙofar Luding. Jovelyn ta koma asibiti ta shimfiɗa kwali a ɗakin wanki tsakanin injuna. An gwada ta, ba ta da komai, ta aiko da takardar, Iking ya ce takarda ai ko shi zai iya bugawa. Aka zagaya da wata takardar ta daban, ta neman kada a bar ma'aikaciyar asibiti ta kwana a lungun sai cutar ta wuce. Da aka kawo wa Tasing ta karɓi biro. Sunanta ne na uku.

Tasing kuwa ta warke sarai. Cikin mako biyu zazzaɓin ya tafi, wata safiya ta ji ƙaurin shinkafar maƙwabta, ta zauna a kan buhun gawayi ta yi godiya ga Allah, sannan ta ji kunyar godiyar. Cora ma ta dawo, ta rame kamar sanda amma da ranta. Ba wanda ya sani, ba kuma wanda zai sani. Tasing ta koma cika kwanon fiye da da. Kan kifi mafi girma, tsoka mafi laushi, duk katanga suke tafiya. Tana ce wa kanta zumunci ne. Luding na ɗauka, tana mayarwa da ɗan abin da ta samu, ba ta fasa ko sau ɗaya ba, amma ta daina tsayawa hira. Sai dai a ji ƙarar kwano a kan bulo, a ji takun silifa yana komawa.

An kwance igiyar ledar bayan mako biyu, amma sunan bai kwance ba. Yara ma gidan cuta suke cewa, su toshe hanci su wuce da gudu.

Wata safiya cikin watan Mayu, Tasing na yanka albasa ta ji ihun Luding. Mang Ponso ya faɗi a banɗaki, bakinsa ya karkace. An kira motar asibiti, an ce duk suna kan hanya da wasu. Tasing ta fita ba takalmi har bakin gora, inda masu babur mai ɗaki a gefe suke zaune a inuwa ba aiki.

"Ku taso, don Allah! Ponso ne, jininsa ne ya hau. Ba cutar ba ce."

Ba wanda ya motsa. Wani ya gyara takunkuminsa.

"Ni na ce muku ba ita ba ce! Ku da kuka ci kunu a hannuna a kan rufi!"

Babban cikinsu ya sosa ƙeya, bai kalle ta ba. "Aling Tasing, ina da yara huɗu. Kuma ke da bakinki kika nuna mana gidan."

A nan ne ya kamata ta faɗa. Maganar ta hau har maƙogwaronta, ta ji ɗacinta. Kalma biyar ko shida ce kawai, da sun isa su tayar da babur. Ta buɗe baki, sai ta ji kanta tana cewa, "To ku ji tsoron Allah dai." Ta juya.

Motar ta zo bayan awa huɗu. Ponso ya cika a hanya. Jovelyn ta ga mahaifinta a barandar asibiti, a kan gadon turawa, lulluɓe da zanen da wataƙila ita ta wanke shi. Washegari aka kawo wa Luding toka a cikin ƙaramin tulu.

Ba a yi kwana tara ba, doka ta hana. Amma kafin arba'in ta cika an ɗan sassauta, kapitan ya ce za a iya yin addu'a a tsakar lungu in kowa zai tsaya a ƙofarsa. Saura kwana uku, da hantsi, Tasing ta zo ɗora kwano ta tarar da Luding a jingine da katanga tana jiranta. Ta tsufa cikin wata ɗaya, gashinta ba a taje ba.

"Mare, ke za ki ja masa ta arba'in."

"Ni?" in ji Tasing. "Muryata ba ta da daɗi kwanakin nan. Akwai yarinyar nan ta unguwar gaba…"

"Ta waya? Ponso zai taso ya fasa tulun. Kullum cewa yake in ya mutu ke za ki ja, ya ji daɗin kwanciya." Luding ta karɓi kwanon, ta ɗaga shi ta shinshina. Ta tsoma ɗan yatsa ta lasa. "Ya dawo daidai."

"Me?"

"Gishirinki. Bakin ya warware ke nan."

Tasing ta dafa katangar.

"Ranar nan," in ji Luding, muryarta ba hawa ba sauka, "Ponso ya kurɓa ya tofar. Ya ce, Luding, ko dai Tasing ta faɗa soyayya ko ba ta da lafiya. Shekara talatin da huɗu ban taɓa jin gishirinki ya wuce ba. Kamar an ɗebo ruwan teku. Na zubar a kwata, na aiko miki da citta."

"Kin sani."

"Na sani."

"Tun kafin Cora. Tun kafin in…" Ta dubi Luding. "Me ya hana ki faɗa? Kina tsaye da tsintsiya, kina ji na. Me ya hana ki?"

Luding ta kalli miyar. "Da farko cewa na yi ke kaɗai ce a gida, ba mai miƙo miki ruwa in sun ɗaure ƙofar. Mu mu biyu ne. Na ce tsoro ne, gobe za ta faɗa da kanta. Gobe ta yi, na ce jibi." Ta ɗago. "Daga baya kuma ba tausayi ba ne, Mare, kada ki ɗauke ni waliyyiya. So nake in ga iya inda za ki kai. Kullum ina ɗaukar kan kifin nan naki ina cewa, yau ma ta biya da kifi. Ina nan ina kallo har Ponso ya faɗi. Wannan kuma nawa ne, ni zan ɗauka."

"Me kike so in yi?"

"Addu'a na ce ki ja. Ƙarfe huɗu." Ta juya da kwanon ta shige.

Da Luding ta zage ta, ko ta ce je ki faɗa musu, da abin ya zo da sauƙi. Amma ba ta nemi komai ba. Tasing na iya jan addu'ar daga farko har ƙarshe, mata su yi kuka, a ce ba kamarta, a watse, Jovelyn ta koma kan kwalinta. Luding ba za ta tona ba, yanzu ta tabbata. Kwana ukun nan ta yi su tana girki tana wanke tukwane tana auna abin. Ta tarar ko yanzu ba Jovelyn ce ta fi damunta ba. Labarin rufin ne. Tana jin zafin cewa ba za a ƙara ba da shi ba, ko kuma a ba da shi a ƙara da "amma". Da ta gane haka sai ta kasa kallon fuskarta a murfin tukunya.

Ranar arba'in aka fito da ƙaramin tebur tsakar lungu, aka ɗora tulun, da hoton Ponso yana dariya a jikin motarsa, da kyandir biyu. Kowa ya tsaya a ƙofarsa da carbi. An yarda Jovelyn ta zo, amma daga bayan gora, don haka tana can nesa cikin rana da kayan aiki, ita kaɗai, 'yan sintiri sun ja kujerunsu baya.

Tasing ta buɗe littafin kakarta, ko da yake ba ta buƙatarsa. Ta fara ja, lungun na amsawa. Muryar lafiyarta lau, har ta ji haushin hakan. Ta wuce gaisuwar Maryama, ta wuce sunayen waliyyai, ta iso inda ake roƙa wa mamaci gafarar abin da ya yi a fili da wanda ya ɓoye. Ta faɗi rabin layin ta tsaya. Mutane suka jira. Wata ta ɗauka mantuwa ce ta fara tuna mata.

"Ba mantawa na yi ba," in ji Tasing. Ta rufe littafin. "Ba Jovelyn ce ta kawo cutar nan ba. Ni ce."

Wani kare ya yi haushi can ƙarshen lungu.

"Na je addu'ar mamaci a ɓoye, sau uku, da kwandon cefane. Na dawo da zazzaɓi. Hancina ya daina jin komai, na sani sarai, na ci gaba da sayar muku da miya. Cora, a teburina kika ɗauka. Da kuka fara nema na ji tsoro, na nuna gidan Mare. Ranar da Ponso ya faɗi ma da na faɗa da an ɗauke shi. Ban faɗa ba."

Ta yi zaton in ta gama za ta ji sanyi a ƙirji. Ba ta ji ba. Abin da ta ji shi ne iska a fatarta, kamar an tuɓe ta a kasuwa.

"Yesu da Maryama," wata ta ce a hankali.

"Ke!" Iking ya taka ya fito daga ƙofarsa. "Ke tsohuwar munafuka! Matata ta kwana goma sha biyu da roba a hanci! Kika bar ni ina yawo da takarda gida-gida kamar mahaukaci, kika karɓi birona kika sa hannu!"

"Kai ka rubuta ta ai," in ji na saman bene. "Ba ita ta riƙe maka hannu ba."

"Kai kuma sunanka ne na biyu, ɗan iska!"

"Wa ya watsa bilic? Ku faɗa mana, wa ya watsa?"

Hayaniya ta tashi, kowa na nuna kowa, matar da ta watsa ruwan ta sulale ta rufe ƙofarta. Masu babur da ke bakin gora suka sunkuyar da kai. Cora kuwa ta miƙe. Ta sauko daga dakalinta a hankali, tana dafa bango don ƙafafunta ba su gama dawowa ba, ta bi ta gaban Tasing ba ta dube ta ba, ta tafi har bakin lungu. Ta kama gorar, ta kasa ɗagawa. Ɗaya daga cikin 'yan sintirin ya tashi ya ɗaga mata.

Jovelyn ta shigo. Tana tafe a tsakiyar lungun, tabon bilic na nan fari a ƙafar wandonta. Da ta iso kusa da tebur, hannun Tasing ya ɗaga da kansa, bayansa a sama, yadda ya saba kowace safiya shekara da shekaru. Jovelyn ta dubi hannun. Ta wuce shi, ta je ta rungume uwarta, sannan ta ɗora tafinta a kan tulun.

Hannun ya daɗe a iska kafin Tasing ta tuna ta sauke shi.

"Mare," in ji Luding ta kan kafaɗar 'yarta, "ƙarasa. Kyandir na ƙarewa."

Ta buɗe littafin ta ƙarasa. Muryar ta shaƙe, ta yi tuntuɓe a wuraren da ba ta taɓa yi ba. Mutum huɗu ko biyar ne suka amsa mata.

Washegari ta fito da tukwane huɗu ta mayar da huɗu. Ta koma dafa ɗaya. Masu wucewa suna bi ta ɗaya gefen, yaran da ke toshe hanci a ƙofar Luding suka dawo tata. Ɗanta ya kira daga wata tashar jiragen ruwa ya tambayi labarin unguwa, ta ce lafiya lau. Daga bayan katanga tana jin Jovelyn na wanke-wanke, tana jin su suna magana ƙasa-ƙasa, wani lokaci har da gajeriyar dariya.

Kwanon yana wajenta, domin Luding ta mayar da shi da dafaffiyar ayaba tun kafin arba'in. Ta zuba miya ta ɗora. Ya wuni a wurin, ƙudaje suka taru, da yamma ta sauke ta zubar. Ta sake ɗorawa washegari, haka. Ba kan kifi ta saka ba a rana ta uku, miyar wake ce kawai da ganye, irin wadda kowa ke ci ranar Juma'a. Ta ɗora ta koma ciki, ta hana kanta leƙawa. Da azahar ta fito shanya tsumma ta ga katangar ba komai.

Sai da la'asar ta ji ƙarar kwano a kan bulo da takun silifa yana komawa. Ta ƙirga goma a ranta kafin ta fita. An wanke shi tas, an goge. Ba wayam ya dawo ba. A tsakiyarsa akwai gishiri, cikin tafin hannu ɗaya, irin mai tsakuwa da ake barbaɗa wa kifi a rumfa.

Tasing ta tsaya da shi a jikin katangar. Ba ta san ko zagi ba ne ko gaisuwa, kuma ta san ba ta da bakin tambaya. Ta dangwala yatsa ta kai harshe. Ta ji shi sarai, har cikin haƙoranta. Ta shiga da kwanon ta juye gishirin a kwalbar da take girki da ita, ta ɗauraye shi, ta kife, ta zauna tana tunanin abin da za ta dafa gobe.